Koyarwa a Islamiyya don Allah: Birtaniya za ta ƙirga mini shi a matsayin aiki?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce, ina karatun digiri na biyu a Ingila da bizar ɗalibai, ina zaune gidan yayana. Ina aikin awa 20 a mako a gidan kula da tsofaffi. Kwamitin masallacinmu, wanda Yaya yake ciki, ya roƙe ni in riƙa koyar da yara a Islamiyya Asabar da Lahadi, awa uku-uku. Sun ce za su riƙa ba ni fam 30 duk mako na kuɗin mota, ko da yake da ƙafa nake zuwa. Wani abokin Yaya mai shagon kayan abinci ma yakan ce in riƙe masa shago in zai fita. Ba ya biyana, sai dai ya haɗo ni da shinkafa ko manja. Hajiyarmu za ta zo da bizar ziyara saboda matar Yaya ta kusa haihuwa, kuma tana so ta taya girkin buɗa-baki a masallaci in azumi ya zo. Shi kuma Yaya yana da takardar zaman dindindin, badi zai nemi zama ɗan ƙasa, kuma ya ji ana cewa aikin sa-kai yana sa a ba mutum da wuri. Amma shi ma shekara bakwai da suka wuce, yana ɗalibi, ya taɓa taya wani aiki a shago kyauta bayan awoyinsa sun cika. Duk don Allah muke yi. Akwai matsala?

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya saka muku da alheri, ya sauki matar Yaya lafiya, ya kawo Hajiya lafiya. Kin kyauta da kika tambaya kafin ki amsa wa kwamiti, domin yadda aka tsara koyarwar nan a yanzu tana iya taɓa bizarki. Shagon kuwa abin da za ki bari ne daga yau.

Mu a wajenmu niyya ce ke raba aikin Allah da aikin kuɗi. In mutum ya ce don Allah ya yi, magana ta ƙare. Ma'aikatar Cikin Gida ta Birtaniya, wadda harkar biza ke hannunta, ba ta auna abin da ke zuciya. Yadda aka shirya abin take dubawa. A dokokinta na shige da fice, kalmar aiki ta haɗa da wanda ake biya da wanda ba a biya, saboda haka "ai ko sisi ba a ba ni ba" ba ya wanke mutum shi kaɗai.

Ma'aikatar ta kasa taimakon kyauta gida biyu, kuma sunayensu a Turance sun yi kama ƙwarai, har su kansu masu ƙungiyoyi kan rikita su. Na farko bari mu kira shi sa-kai zalla. Shi ne ki taimaka wa ƙungiyar agaji, ko ta al'umma, ko wani wurin gwamnati kamar asibiti ko laburare, ba tare da wani alkawari ya ɗaure ki ba. In uzuri ya taso kika ce ba za ki samu zuwa ba, babu mai tuhumarki. Ba ki tare gurbin ma'aikacin da ya kamata a ɗauka a biya ba. Ba a ba ki komai, in ban da a mayar miki da abin da kika kashe na mota ko na abincin rana. Wannan ba ya shiga lissafin awoyinki. Na biyu shi ne aiki marar albashi. A nan akwai yarjejeniya: ki zo rana kaza ƙarfe kaza, ki yi abu kaza, su ma su tanadar miki aikin. Ba sai an rubuta an sa hannu ba, ta baki ma ta wadatar. Sau da yawa akwai ɗan abin da mutum ke samu a maimakon albashi, abinci ko ɗaki ko kaya. Ɗalibi yana da izinin yin irin wannan, amma kowace awa a cikinsa ana ɗora ta a kan awa 20 ɗin nan.

To, ɗora Islamiyyarku a kan wannan ma'aunin. An tsayar miki da ranaku da lokaci. An ba ki aji, wanda in ba ki zo ba yara za su zauna ba malama. In iyaye na biyan kuɗin makaranta, kuma akwai wasu malaman da ake biya don irin wannan aikin, to kin shiga gurbin ma'aikaci. Sannan ga fam 30. Kuɗin nan sun fi komai damunmu. Kuɗin mota da doka ta sani su ne wanda kika hau bas, kika kawo tikiti, aka mayar miki da daidai abin da ke jikinsa. Kuɗin da ake bayarwa dunƙule duk mako, ga mai zuwa da ƙafa, lada ne ko da wane suna aka sa musu. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma haka doka take kallon abin: tunda ana ba ki, akwai abin da ya zama dole ki yi, yarjejeniya ta ƙullu. Daga nan lissafi ya zama awa 20 a gidan tsofaffi da awa 6 a masallaci, 26 ke nan. Shi ma masallacin ya shiga wata rigimar, domin fam 30 a awa shida fam 5 ne kowace awa, alhali mafi ƙarancin albashin wanda ya kai shekara 21 ya haura fam 12 tun Afrilun 2025.

Ki lura da yadda ake ƙirga mako. Daga Litinin yake farawa ya ƙare Lahadi, kuma kowane mako da kansa yake tsayawa. Ba a yarda ki yi awa 26 wannan makon, ki yi 14 na gaba, ki ce an tashi 20-20 ba. Mai aiki a gidan kula da tsofaffi tana da wani tarkon kuma: mintocin miƙa aiki ga wadda za ta karɓe ki, da zaman horon da wurin aiki ya wajabta, duk aiki ne. Wadda aka rubuta mata awa 20 cif tana iya wucewa da rabin awa ba ta ankara ba, kuma takardar albashi za ta nuna. Shi ya sa muke ba ɗalibai shawara su tsaya a 18 ko 19. Maganar hutu ma a yi hattara. Gaskiya ne lokacin hutu ana iya aiki cikakke, amma hutun da jami'a ta rubuta wa kwas ɗinki ake nufi. Yawancin masu digiri na biyu na shekara ɗaya, watannin bazara da suke rubuta kundin bincike lokacin karatu ne a hukumance, ko da ba a shiga aji.

Ba mu ce ki ƙi koyar da yaran ba. Aiki ne mai kyau, yaran da ke tasowa a can suna bukatarsa, kuma akwai hanya biyu ta yinsa ba tare da kin saka kanki cikin hatsari ba. Ta farko, a sauya tsarin ya koma sa-kai na gaskiya. A cire fam 30 ɗungurungum. In wata rana ana ruwa kika hau bas, ki ajiye tikiti a biya ki abin da kika kashe. In kin sayo alli ko littattafai, rasit. A sa wani ya zama mai alhakin ajin, ke ki zama mai taimakawa, ki riƙa rubuta sunanki a jadawali ranakun da kike da sarari. Kwamiti ya ba ki 'yar takarda mai ɗauke da sunan masallaci da lambar rajistarsa, wadda ta ce taimako ne na ganin dama, babu biya, babu wajabcin zuwa, kuma kowane ɓangare na iya dainawa duk lokacin da ya so. Amma takarda ba ta da amfani in abin da ake yi a zahiri ya saɓa mata. In an rubuta ganin dama, sannan ranar da kika ƙi zuwa aka kira ki ana faɗa, to abin da ya faru za a duba.

Hanya ta biyu ta fi tsafta, sai dai tana taɓa aljihu: ki rage aikin gidan tsofaffi zuwa awa 13 ko 14, yadda ko an ƙirga koyarwar a matsayin aiki ba za ki haura 20 ba. In kwamiti ya nace sai kin riƙe aji na dindindin, wannan ce kaɗai hanyar da za mu yarda miki da ita. In kuma suna so su biya ki, sai su yi yadda doka ta ce: su duba izinin aikinki ta intanet da lambar da za ki ciro musu, su karɓi takardar ranakun karatu da hutu daga jami'arki, su biya cikakken albashi ta hanyar da hukumar haraji ta HMRC za ta gani.

Kafin ki fara, ki rubuta wa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arki imel. Ki faɗi sunan wurin, aikin, ranakun, ko akwai biya, ki tambaye su wane gida suka sa shi. Ki ajiye amsar. Tunda da yara za ki yi hulɗa, masallaci zai nema miki binciken DBS mai zurfi, wanda ake yi don a tabbatar mutum ba shi da tarihin da zai hana shi kusantar yara. Kyauta ake yi wa 'yan sa-kai, amma sharaɗin kyautar shi ne ba a biyan mutum komai sai kuɗin da ya kashe. Kin ga nan ma fam 30 ɗin sun ɓata lissafi.

Akwai abin da ba ki tambaya ba amma yana biyo bayan irin wannan koyarwa. Wata uwa za ta ga kin iya da yara, ta ce ki riƙa zuwa gida kina yi wa 'yarta ƙarin karatu, ta riƙa ba ki wani abu a hannu. Wannan sana'ar kai ce, kuma bizar ɗalibai ta hana ta gaba ɗaya, ko awa ɗaya ce a wata. Haka kitso ko lalle na kuɗi, da sayar da turaren wuta, kilishi ko atamfa ta WhatsApp. 'Yan'uwanmu mata da yawa suna ganin wannan ba aiki ba ne, ɗan abin rufin asiri ne. A dokar biza kasuwanci ne.

Sai shago. Shago wurin neman riba ne, kuma babu sa-kai a wurin neman riba. Duk mintin da kika tsaya bayan kanta kina karɓar kuɗi, aikin da mai shago zai biya wani ya yi kike yi. Shinkafa da manjan da yake haɗo ki da su, a al'adarmu alheri ne, ba a mayar da hannun kyauta baya. A idon jami'i biya ne da kaya. Jami'an shige da fice suna kai samame ƙananan shaguna da wuraren abinci da na aski, kuma "taya shi kawai nake" magana ce da suka saba ji. Tun 2016 yin aikin da izinin mutum bai ba shi ba laifi ne da kan iya kai wa ga ɗaurin wata shida, ko tara, har da ƙwace abin da aka samu. Abin da ya fi faruwa da ɗalibi shi ne a soke bizarsa ana tsakiyar karatu, kuɗin makarantar da aka sha wahalar tarawa su tafi, bizar bayan kammala karatu ta kuɓuce, kuma a hana shi dawowa na wani lokaci. Jami'a kanta wajibi ne a kanta ta kai rahoton ɗalibin da ta san ya karya sharaɗin aiki. Saboda haka game da ranakun da kika riga kika yi a shagon, ki zauna ki rubuta wa kanki ranakun da awoyin, ki kai wa lauyan shige da fice ko mai ba da shawara da ke da rajista da IAA, hukumar da ke sa ido kan masu ba da shawarar shige da fice, wadda a da ake kira OISC. Shi zai gaya miki yadda za ki amsa in tambayar ta zo a fom na gaba. Ƙungiyar UKCISA ma tana da layin waya na ba ɗaliban ƙasashen waje shawara.

Hajiya kuma, dokarta daban ce, kuma ta fi taki tsauri. Mai bizar ziyara ba ya aiki ko kaɗan, na biya ko na kyauta. Zuwa jego ba laifi ba ne: uwa ta zo ta ga jikanta, ta taya surukarta wanka da kunun kanwa da raino na ɗan lokaci, ziyarar dangi ce. Inda ake samun matsala shi ne in abin ya koma ita ce mai rainon yau da kullum don mai jego ta koma bakin aiki, musamman in ana ba ta wani abu a kai. A fom da kuma filin jirgi ta faɗi gaskiya yadda take: ta zo ganin ɗanta da jikan da aka haifa, za ta yi mako kaza. Kuma ta koma a lokacin da ta faɗa. Wadda ta ce mako shida ta yi wata biyar da rabi ba ta wuce wata shidan da aka ba ta ba, amma ranar da ta sake neman biza za a tambaye ta dalili.

Girkin buɗa-baki yana yiwuwa, bisa sharaɗi biyu. Mai ziyara na iya aikin sa-kai na kwanakin da ba su wuce 30 ba gaba ɗaya, kuma sai a ƙungiyar agaji mai rajista: da Hukumar Ƙungiyoyin Agaji ta Ingila da Wales, ko takwararta ta Ireland ta Arewa, ko OSCR ta Scotland. Masallatai da yawa suna da wannan rajista, amma kada ku ɗauka kawai. Ku nemi lambar, yawanci tana jikin allon masallaci ko takardar neman taimako, ku saka ta a shafin hukumar ku gani, minti biyu ne. Ƙananan ƙungiyoyi a Ingila da Wales waɗanda kuɗin shigarsu bai kai fam 5,000 a shekara ba, doka ba ta tilasta musu rajista ba, don haka ƙungiyar 'yan gari ko ta matan unguwa tana iya zama halastacciya amma ba ta cika wannan sharaɗin ba. In su ne masu shirya buɗa-bakin, Hajiya ta dafa a gida ta aika sadakarta kamar kowa.

Azumi kwana 29 ne ko 30. In ta je kullum, wata ɗaya ya cinye kason nata, abin da zai rage na girkin Sallah ko na wani taro ba zai wuce kwana ɗaya ba. Ku ƙirga duk ranar da ta leƙa a matsayin kwana guda, ko awa biyu ta yi, ku rubuta a kalanda, ku tsaya a ashirin da 'yan kai. Kada ta zauna teburin da ake sayar da abinci ko karɓar kuɗi, domin sayar wa jama'a kaya yana cikin abin da aka hana mai ziyara. In Sallah ta zo kwamiti ya ce ga ambulan na godiya, ku ba su haƙuri. Wanda kuwa sa-kan ne ainihin abin da zai kawo shi ƙasar, akwai biza ta daban ta ma'aikacin agaji, mai kaiwa wata 12, wadda sai ƙungiya mai lasisi ta ɗauki nauyin mutum. Ba ita Hajiya ke bukata ba.

Yanzu Yaya. Mai zaman dindindin ba shi da iyakar awoyi, yana iya aikin da ya so da sa-kan da ya so. Amma neman zama ɗan ƙasa yana da sharaɗin kyakkyawan hali a ƙarƙashin dokar ɗan ƙasa ta 1981, kuma cikin abin da ake dubawa har da sa wanda ba shi da izini aiki. Yana cikin kwamitin da ke shirin ba ƙanwarsa aikin da zai haurar da ita awa 20, da kuma karɓar mahaifiyarsa a kicin. In abu ya ɓaci, sunansa na cikin masu alhaki. Shi ya fi kowa cancantar ya tashi a taron kwamiti ya ce a gyara tsarin, kuma a riƙa tambayar duk mai son taimakawa irin bizar da yake riƙe da ita kafin a ba shi aiki.

Maganar cewa sa-kai yana gaggauta zama ɗan ƙasa tana da tushe, amma an cakuɗa ta. A 2009 majalisa ta yi dokar da ta tanadi rage wa mai hidimar al'umma lokacin jira, sai gwamnatin da ta hau a 2010 ta yi watsi da shirin ba a taɓa aiki da shi ba. A watan Mayun 2025 gwamnati ta sake fito da manufar cewa zaman dindindin sai an cancance shi, a mayar da jiran shekara biyar zuwa goma ga yawancin mutane. A watan Nuwamban shekarar ta fitar da daftari don jin ra'ayin jama'a, wanda a ciki aka kawo shawarar rage wa mai hidimar al'umma shekara uku zuwa biyar. Wannan daftarin a kan zaman dindindin yake magana, abin da Yaya ya riga ya samu. Ke ya fi shafa, in kina da niyyar zama bayan karatu. Dokar da za ta yi aiki a kan kowannenku ita ce wadda ke rubuce a shafin gwamnati na gov.uk, don haka a can za a duba, a bar saƙonnin da ake turawa a zaurukan WhatsApp.

Sharuɗɗan da aka saba da su na zama ɗan ƙasa babu sa-kai a ciki: shekara biyar a ƙasar, wata 12 da samun zaman dindindin, shaidar Turanci, da jarrabawar sanin rayuwar Birtaniya mai tambaya 24 wadda sai an ci 18. Inda sa-kai ke da amfani shi ne wajen auna hali, domin an umarci jami'i ya duba alherin da mutum ya yi wa al'umma tare da laifinsa, sai dai ba ya goge laifi. Yana kuma samar da shaidu. Ana bukatar mutum biyu da suka san mai nema shekara uku, waɗanda ba danginsa ba, ɗaya mai sana'ar da aka amince da ita, kamar malamin makaranta, likita ko limami, ɗayan kuma mai fasfon Birtaniya wanda ya haura shekara 25 ko shi ma mai irin wannan sana'a. Limamin da ya shekara uku yana ganin Yaya a kwamiti shaida ne mai kyau. Ku riƙa ajiye shaidar abin da kuke yi tun yanzu: wasiƙa a kan takardar ƙungiya, da lambar rajista, da ranar farawa, da irin aikin. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi ya haɗa muku takardar sa-kan da ba ku yi ba, ku guje shi, domin takardar bogi yaudara ce, kuma yaudara kan jawo hanin shekara goma.

Wani wurin da sa-kai ke cutar da mai nema ba tare da ya sani ba shi ne tafiya. Ba a so kwanakin da mutum ya yi a waje su wuce 450 cikin shekara biyar, ko 90 a shekarar ƙarshe. In Yaya ya je gida rabon kayan azumi ko aikin gayyar likitoci na wata biyu, sannan ya ƙara da aikin Hajji, 90 ta cika. Kyawun dalilin tafiyar ba ya hana a ƙirga kwanakin. Ranar fita da ranar dawowa ne kawai ba a sawa. Ya kuma tabbatar yana cikin ƙasar a daidai ranar da ta cika shekara biyar baya daga ranar da zai miƙa fom, domin wannan ƙaramin sharaɗin yana kayar da mutane.

Aikin shagon da ya yi yana ɗalibi shi ne abin da ke bukatar lauya. Ana duba saɓa wa dokar shige da fice na shekara goma baya. Tun 2022 an sassauta wa masu zaman dindindin a kan abin da ya shafi halascin zamansu na baya, amma yin aiki fiye da izini ba ya cikin abin da aka sassauta. Badi abin zai cika shekara takwas, yana cikin goman ke nan. Mutane za su ce masa a bar kaza cikin gashinta, wa ya sani. Mu ba za mu ce ya ɓoye ba, domin ƙarya a fom laifi ce mai zaman kanta, kuma ko an ba mutum zama ɗan ƙasa, sashe na 40 na dokar 1981 ya ba da damar a karɓe in an gano da yaudara aka samu. Abin da zai yi shi ne ya tuno dalla-dalla: wane wata ne, lokacin karatu ne ko hutu, awa nawa, sau nawa, an ba shi wani abu ko a'a, me ya amsa a fom-fom ɗin da ya cike a baya. Mai yiwuwa lauya ya duba ya ga lokacin hutu ne, babu laifin ma. In kuwa akwai, zaɓi biyu ne: ya bayyana tare da bayani da shaidar halinsa na shekarun da suka biyo baya, ko ya jira goman ta cika. Zaman dindindin ba ya ƙarewa muddin bai yi shekara biyu a jere a waje ba, kuɗin nema kuma sun haura fam 1,600, waɗanda ba a mayarwa in an ƙi, ban da na bikin rantsuwa. Lauyan zai auna masa jiran da sauye-sauyen dokar da ake ta yi.

Mun san da nauyi ke ƙanwa ki dubi abokin yayanki ki ce ba za ki ƙara riƙe masa shago ba, balle ki mayar masa da ledar shinkafa. Kada ki ɗora wa kanki wannan. Ki nuna wa Yaya amsar nan, shi ya je ya same shi su yi magana ta abokai. Ya gaya masa cewa tun watan Fabrairun 2024 tarar mai wurin da aka samu wani yana masa aiki ba bisa izini ba tana kaiwa fam 45,000 a kan kowane mutum a karon farko, fam 60,000 in an sake, kuma wanda ya yi da saninsa yana iya fuskantar ɗaurin shekara biyar. In yana bukatar mai riƙe masa shago lokacin sallar Juma'a ko zuwa sari, ya ɗauki wanda ke da izini, ya duba takardunsa kafin ya fara, ya biya shi.